Na'ura ta biyu don neman tsoffin sulalla: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila, shekara uku ke nan ina fita gonaki neman tsoffin sulalla da na'urar gano ƙarfe mai suna Equinox 800. Makon jiya na yi tuƙin awa biyu zuwa wata gona da na sha wuya kafin mai ita ya ba ni izini, ashe na manta ban yi caji ba, kafin azahar ta ɗauke. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina son ta biyu da zan riƙa ajiyewa a mota. An turo mini bidiyon wata mai eriya biyu, wai tana jiyo ƙarfe daga nisan kilomita guda, a zurfin mita 20. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya same ka ranar nan, fawa bank ma ya ishe shi, domin Equinox tana aiki ko tana kan caji. Amma waya na tsinkewa, kunnen faifai (zagayayyen ɓangaren da ake shafa ƙasa da shi) na karyewa, don haka ta biyun tana da amfani.

Ni Vanquish 440 ko 540 zan ce ka ɗauka. Batir AA guda huɗu take ci, ana samunsu a kowane gidan mai. Lambobin da take nunawa don bambance irin ƙarfe kuma daga -9 zuwa 40 ne, daidai da na Equinox 800, ba sai ka sake koyon karatu a tsakiyar gona ba. Aibinta biyu: akwatin sarrafa ta ba ya jure nutso a ruwa, kuma faifan Equinox ba ya hawa kanta. In faifan ne ya fi damun ka, X-Terra Pro tana karɓar sa, sai dai batirinta na ciki ne, lambobinta kuma daban. In Vanquish ka saya, kada ka bar batir a cikinta wata da watanni, yana zubowa ya ci ƙarfen. Ka riƙa fita da ita lokaci-lokaci don kunnenka ya saba da kukanta.

Ita kuwa mai eriya, kada ka ba da ko kwabo. Kusan kullum sai an turo mini irin bidiyon nan, har na gaji da maimaita magana. Ka fi ni sanin cewa sule guda a ƙasa mai kyau, santimita 25 zuwa 30 ne iyakar inda na'urarka take jin sa sosai. Ba rowar kamfani ba ce. Ga ƙaramin abu irin sule, in zurfi ya ninka sau biyu, abin da ke dawowa faifai yana raguwa kusan sau 64. To ta yaya ƙarfe biyu da ke lilo a hannun mutum za su jiyo sule a mita 20? Hannun mai riƙewa ne ke karkatar da eriyar ba tare da ya sani ba. Mai bidiyon kuma shi ya binne abin da yake "ganowa".

Wannan damfara ta wuce asarar kuɗi. A nan Ingilar da kake, a 2013 kotu ta ɗaure James McCormick shekara goma saboda ADE 651, wata aba mai eriya da ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam. Da aka bincika, asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf. Jami'an tsaro sun tsaya da ita a shingaye suna barin motoci na wucewa, sun yarda an duba su. Dabarar ke nan, suna kawai ake sauyawa: yau bam, gobe zinare, jibi sulalla. Tun da aka gano zinare a Djado ta Nijar a 2014, 'yan'uwanmu da yawa suka shiga neman na'ura, kuma 'yan damfarar nan suna harin su. Mutum ya sayar da gona ko shanu, ya haƙa rami ya fi tsayinsa saboda eriya ta nuna wurin, ramin kuma yana iya ruftawa da shi. Wallahi abin yana ƙona mini rai. Shi ma wanda ya turo maka bidiyon ka faɗa masa, wataƙila bai sani ba.

Ko na'urar gaske ma akwai jabunta mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka ka saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, da rasit da garanti. In kuma mai sayar da mai eriyar ya nace, ka kawo kofuna goma, wani ya ɓoye sule a ƙarƙashin ɗaya ba a gabanku ba, ka ce ya nuna kofin. Ku maimaita sau goma kana rubuta sakamakon, sannan ku yi maganar kuɗi.