Tambayoyin Masu Karatu: Motar Shiga Daji Ta Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Daura, gonata tana can wajen Baure, kuma duk damina sai ƙaramar motata ta maƙale a laka ko a yashi kafin in isa. Wani dillali a Katsina ya nuna mini Hilux ta hannu mai shan fetur da kuma Prado mai shan gas, ya ce dukansu lafiya lau suke. Wacce zan ɗauka, kuma yaya zan riƙe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, tun da taki da buhunan gero za ka riƙa ɗauka, Hilux ta fi dacewa da kai, domin tana da buɗaɗɗen baya, kuma da wuya ka sami bakanike a Daura ko Katsina da bai taɓa kwance ta ba. Kayan gyaranta idan an rasa a gida, ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Injinta na fetur mai lita 2.7 sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, alhali injunan gas masu lita 2.5 da 3.0 na tsofaffin motocin Toyota bel suke da shi, wanda ake sauyawa a kilomita 150,000, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya ɓarnar tana da yawa. Ga shi kuma injin gas na zamani ba ya jure gurɓataccen mai na bakin hanya.

Amma maganar dillali cewa mota lafiya lau take ba hujja ba ce, shi la'adarsa yake nema. Ka tafi da bakanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa, kuma ku je da sassafe kafin a tayar da motar, saboda injin da ya kwana a sanyaye ba ya ɓoye ciwonsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin injin na shan baƙin mai. Idan kun buɗe murfin da ake zuba baƙin mai kuka ga wani kumfa mai launin koko, ruwa ya haɗu da mai, to ku yi sallama ku wuce.

Daga nan sai a hau da ita kan rami, domin asirin motar daji yana ƙarƙashinta. Ka sa a ƙwanƙwasa ƙarfen shasi daga gaba har baya, a duba tsatsa da alamar walda, musamman inda sifirin baya yake kamawa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba irin wannan mota, fenti yana ƙyalli kamar amarya, amma da bakanike ya kankare baƙin kwaltar da aka shafe ƙasanta da ita, sai ga shasi an ɗinke shi da walda a wuri biyu. Bayan haka ku fita da ita kan turɓaya, ka saka giyar da ke jan ƙafa huɗu, babba da ƙarama, ka tabbatar tana shiga tana fita ba tare da ƙara ba. Motoci da yawa sun shekara ba a taɓa wannan giya ba, alhali ita ce dalilin da ya sa za ka biya wannan kuɗi. Taya ma tana da shekaru: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekarar da aka ƙera ta, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Sai takardu, kuma a nan mu mutanen bakin iyaka muka fi shiga uku. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Jibiya ko Kongolam tana bukatar bincike sosai. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta takardar kwastam harafi da harafi, kuma ka kai takardar ofishin kwastam a tantance kafin ka ba da ko sisi.

Game da riƙo, kada ka ƙarar da kuɗinka duka wajen saye. Ranar da ta shigo hannunka ka juye baƙin mai, da man giya, da man aksul na gaba da na baya, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya sauya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da sauri, saboda haka a riƙa ciro ta ana dubawa. A lagireto ka zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani, domin ruwan rijiya yana barin tsatsa da gishiri, kuma kada ka yarda a cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi, wanda al'ada ce da ta yi yawa a garejinmu. Duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, a duba man aksul, idan ya yi fari a sauya shi nan take. Giyar ƙafa huɗu ta Hilux ba ta busasshiyar kwalta ba ce, tana lalata haƙoran giya, amma a kowane wata, ko da rani ne, ka saka ta ka yi 'yan kilomitoci a kan turɓaya domin mai ya zagaya. Idan kuma yashin hanyar Baure ya yi zurfi, ka ɗan rage iskar taya kafin ka shiga, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta.