Tambayi Likita: Haruffan da ke Takardar Gwajin Jinin Jariri

Tambaya: Likita, an ɗibi jinin ɗana a diddige kafin suna, sakamako ya fito "FAS". Ni AA ce, maigidana AS. Ina F ɗin nan ta fito? Surukata har ta fara cewa an musanya mana jariri. Mai jego, Zariya.

Amsa: Barka da arziki, Hajiya. Ki faɗa wa Mama ta kwantar da hankalinta, jikanta ne. F himogulobin ne na ɗan tayi, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Kowane jariri da shi yake zuwa duniya, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na himogulobinsa. Ya fi na manya ƙarfin janyo iskar oksijin daga jinin uwa, shi ya sa ake buƙatarsa a ciki. Zuwa wata shida ya ragu sosai. Haruffan kuma bisa yawa ake jera su, wanda ya fi yawa a gaba. Ki cire F, sai ki ga AS, irin na babansa. Ba shi da sikila. Wanda ke hana ni barci shi ne "FS" babu A a tsakani, domin yawanci sikila yake nunawa. Wannan ba a jira sai yaro ya fara kumburin hannu. Ana tabbatarwa, a fara ba shi fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin ya cika wata uku.

Tambaya: 'Yata ta fito "FAC". C kuma cuta ce? Wani uba, Zangon Kumasi.

Amsa: A'a, Malam. C wani nau'in himogulobin ne, ta yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma mai AC lafiyarsa ƙalau. Sai dai ranar aurenta a tuna: in ta auri mai AS, za su iya haifar mai SC, wani nau'in sikila da kan taɓa ido da ƙashin ƙugu.

Tambaya: A ƙasan takardar jaririyata an rubuta "Bart's" kaɗan. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba komai. Haka ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Kusan haka ne. Bart's wani nau'in himogulobin ne, ya samo sunansa daga wani asibitin Landan, St Bartholomew's, inda aka fara gano shi a 1958. Kaɗan ɗinsa yawanci alama ce ta gadon wata matsalar jini mai sauƙi da ake kira alfa talasimiya. Bart's ɗin yana ɓacewa cikin 'yan watanni, gwaji ba zai ƙara nuna shi ba, don haka ki adana takardar nan kamar ta gado. Irin waɗannan yara ƙwayoyin jininsu ƙanana ne, sai a ɗauka ƙarancin sinadarin ayon ne, a yi ta ɗura musu maganin ƙarin jini a banza. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Tambaya: Ɗana bakwaini ne, an yi masa ƙarin jini, sannan gwaji ya nuna AA. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda tukuna, jinin wanda ya bayar aka karanta. A sake gwajin bayan kamar wata huɗu da ƙarin jinin ƙarshe.