Ga ɗan'uwan da ya tuba amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya

Ƙanena, salamar Ubangiji a gare ka. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekara 3 ke nan da ka riƙa zarar kuɗi a shagon maigidanka, ka bar aikin bai gane ba. Ka yi kuka, ka yi azumi, ka roƙi gafara ba adadi, amma duk ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake cin gurasa a sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, sai ka sulale waje, har ka fara tunanin ko zunubin nan da ba a gafartawa ka yi. 'Yan'uwa sun ba ka ayoyi, sun kyauta. Ni abin da ya same ni zan faɗa maka.

Na taɓa riƙe ma'ajin zumuntar matasa a majami'armu ta ƙauye. Damina ta kama, taki ya yi tsada, ga kuɗin rufin kwano a hannuna. Na ce aro ne, da kaka in na sayar da masara zan mayar. Duk wanda ya taɓa cin kuɗin ikilisiya da sunan aro ya fara. Masarar ba ta yi ba, aka nemi lissafi, asiri ya tonu. Dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo wata 6: benci na baya, ba Jibi, ba tsayawa gaban jama'a. Matata ta daina zuwa rijiya da safe saboda bakin mutane.

Wata Laraba bayan addu'a wani tsohon mai bishara ya riƙe ni. Na ce masa, Baba, ban ji a jikina cewa Allah ya gafarta mini ba. Ya ce in buɗe 2 Sama'ila sura 12 in karanta masa, don idonsa ya yi rauni. Dawuda ya ɗauke Batsheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga. Da annabi Natan ya tona shi, magana ɗaya Dawuda ya yi, cewa ya yi wa Ubangiji zunubi. A ayar nan ta 13, ba a kai ta 14 ba, Natan ya shaida masa an kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Tsohon ya tambaye ni kwana nawa Dawuda ya yi yana jira. Na ce ko ɗaya. Ya ce ci gaba. Yaron da aka haifa ya mutu a rana ta bakwai, takobi kuma bai rabu da gidan ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga Urushalima. Nan na gane ina haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kunyar da nake sha da bashin da ke kaina nake ɗauka hujjar cewa Allah bai yafe ba, alhali batun gafara an gama shi a kan gicciye. 1 Yohanna 1:9 ta jingina gafara ga amincin Allah da adalcinsa in mun furta zunubanmu, ba ta ce sai mun ji sanyi a ƙirji ba. A 3:20 ma manzon ya ce ko zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma.

Batun saɓon Ruhu Mai Tsarki kuwa, wato zunubin nan da ba a gafartawa, ka cire shi daga ranka. A Markus sura 3 malaman Attaura ne suka ga Yesu yana fitar da aljannu, da gangan suka ce da ikon Ba'alzabul yake yi. Mai irin wannan taurin kai ba ya tashi tsakar dare yana kuka.

Amma ba zan ruɗe ka ba. A ganina abin da ke hana ka barci ba Allah ba ne, maigidanka ne. Kuɗinsa suna wuyanka, shi kuma bai sani ba. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya cuci maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Yesu kuma a Matiyu 5 ya ce in kana gaban bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ka lura da Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, a Luka 19: sai da Yesu ya ce zai sauka a gidansa, sannan Zakka ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba sayen gafara ya yi da kuɗin ba, wanda aka karɓa ne ya kasa ci gaba da riƙe kayan mutane.

Ni na sayar da akuyoyi biyu, sauran na biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 2. Ranar da aka ɗage mini horo wata uwa a zumuntar mata ta rangaɗa guɗa, wasu kuma har gobe ba sa ba ni ajiyar ko naira ɗari. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Ka zauna ka rubuta adadin iyakar abin da ka iya tunawa. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki faston ku ko dattijon da maigidan zai ji kunyarsa, domin wani in ransa ya ɓaci ofishin 'yan sanda zai nufa. Ka tafi da wani abu a hannu ko yaya yake, ka faɗi yadda za ka cika sauran. Zai yiwu ya yafe, zai yiwu ya zage ka tas. Kowanne ya yi, ka gaya wa faston komai kafin Jibi mai zuwa, ka zauna a cikin majami'a, kada ka sake fita.