Me ya sa mutanen Edmonton ke zagin shugabannin Oilers alhali ƙungiyar na cin wasa?

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, na ga wasu sun yi maka dariya kawai, wani kuma ya ce ka bar Turawa da ƙanƙararsu ka koma wa Arsenal ɗinka. Tambayarka ba ta dariya ba ce. Ka ce wata huɗu ke nan da zuwanka Edmonton ta Kanada, kullum a wurin aiki ba a hira sai zagin shugabannin Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin, alhali ƙungiyar ta je wasan ƙarshe sau biyu a jere, kuma ita ke da Connor McDavid da ake cewa babu kamarsa a duniya. Ka ce ko rashin godiya ne irin na wanda ya ƙoshi, ka kuma tambayi abin da suke nufi in sun ce ƙungiyar ba ta iya rainon yara ba.

Ni na sauka garin nan a 2009. Ban san hokin ƙanƙara ba ko a mafarki. Wani dattijon Bature da muke aikin dare tare ne ya jawo ni, don rediyonsa ba ya rabuwa da tashar wasanni, kuma yakan yi faɗa da rediyon kamar mutum. Da farko tausayinsa nake ji. Bayan shekara biyu sai ga ni ina taya shi.

Kafin ka gane fushin, sai ka gane yadda ake samun 'yan wasa a nan, don ba kamar ƙwallon ƙafar da muka saba ba ne. A Ingila in ƙungiya ta zo ta ƙarshe sai ta faɗa ƙaramin rukuni. A gasar NHL, babbar gasar hoki da Oilers ke ciki, ba a faɗuwa, lada ma ake ba ka. Duk ƙarshen kaka ana jera matasa 'yan shekara 18 daga Kanada da Amurka da Turai, ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke da damar fara zaɓa, bayan an yi ƙuri'a a tsakaninsu. Sannan tun 2005 akwai iyakar albashi: duk arziƙin mai ƙungiya, akwai adadin da ba zai wuce ba wajen biyan 'yan wasansa gaba ɗaya. Wato ba ka da hanyar sayen kofi da kuɗi. Yaron da ka zaɓa, ka raina, yana yi maka wasa da araha a shekarunsa na farko, shi ne jarinka. In ka lalata shi, ba kasuwar da za ka shiga ka sayo madadinsa.

To Oilers ta samu zaɓin farko a 2010, ta ɗauki Taylor Hall. A 2011 ta sake samu, Ryan Nugent-Hopkins. A 2012 kuma Nail Yakupov. A 2015, McDavid. Sau huɗu cikin shekara shida. Amma daga 2007 zuwa 2016, kaka goma cur, ko zagayen neman kofi ba ta shiga ba, a gasar da a lokacin fiye da rabin ƙungiyoyi ke shiga duk shekara. Kuma wannan gari ne da ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin gasar, sau biyar tsakanin 1984 da 1990. Mutanen da kake aiki da su, waɗanda suka haura hamsin sun ga zamanin Wayne Gretzky, babban tauraron Oilers na wancan lokaci, da idonsu, 'ya'yansu kuma sun tashi cikin waɗannan shekaru goman. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bari in tsaya kan Yakupov, don shi ne ya fi ci mini rai. Yaron Batatare ne daga Rasha, kuma Musulmi, saboda haka da yawanmu a nan mun ɗauke shi tamkar ɗan gida. Rigar Oilers ta farko da na taɓa saya da kuɗina, sunansa ne a bayanta. A watan Janairun 2013, saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi wasa da Los Angeles, ya farke ƙwallo, ya kwasa da gudu ya zube a gwiwa ya sulale har tsakiyar fili. Ni da ke kallo a falo sai da na tashi yara daga barci. A waccan gajeriyar kakar mai wasa 48 ya ci 17, ya fi kowane sabon shiga. Kocinsa, Ralph Krueger, ya san yadda zai lallaɓa shi. Kaka na ƙarewa aka kori Krueger, ta Skype ma kuwa. Aka kawo Dallas Eakins, wanda ya zo da nasa tsarin, ba a jima ba Yakupov ya fara zaman kallo. Aka kori Eakins a Disambar 2014, Todd Nelson ya riƙe, yaron ya fara farfaɗowa, sai aka kawo Todd McLellan. Koci huɗu a kaka huɗu. Ka ɗauki yaron da aka kai koyon kanikanci, duk shekara a sauya masa oga, kowane oga ya ce duk abin da na baya ya koya maka shirme ne. A 2016 aka tura shi St. Louis kusan kyauta, a 2018 ya koma Rasha. Ba na cewa ba shi da laifi, don a ko'ina ya je bai zama abin da aka yi zato ba. Amma ba wanda zai iya rantsewa cewa an ba shi abin da ya kamata kafin a yanke masa hukunci.

Abin da suke kira raino ke nan. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙaramarta a gasar AHL, inda yaro zai yi shekara ɗaya ko biyu yana buga wasa da manyan maza, ya yi kuskurensa inda ba kyamarori da yawa, ya ƙara ƙwari. Tamu yanzu tana Bakersfield a Kalifoniya. Akwai lokacin da, daga 2005 zuwa 2007, Oilers ba ta ma da ƙaramar ƙungiya tata ta kanta, sai dai ta raba yaranta gidajen mutane, inda kowane koci naka ne zai fara ajiyewa a benci. Kuma da yake babbar ƙungiyar ba ta da abin nunawa, sai shugabanni su riƙa tsinko yaran ɗanye su kai kasuwa, don a ce wa masu sayen tikiti ga gobe nan ta iso. Sam Gagner yana ɗan 18 aka jefa shi a 2007. Leon Draisaitl, Bajamushen nan da yanzu ake ji da shi, a kakarsa ta farko sai da ya buga wasa 37 da ƙwallo biyu kacal kafin a farga a mayar da shi gasar matasa. Allah ya sa shi mai taurin zuciya ne. Jesse Puljujärvi, ɗan Finlan da aka ɗauka na huɗu a 2016, ya zo ko Turanci bai iya sosai ba, aka yi ta kai shi Bakersfield ana dawo da shi, har ya gaji ya koma gida ya yi kaka guda a 2019. Mu da muka san zafin sauka ƙasar da ba ka jin abin da ake faɗa maka, mun fi kowa gane halin da yaron nan ya shiga.

Sai kuma abin da ya fi ciwo: su bar nan, su je wani wuri su zama mutane. Gola Devan Dubnyk, an sallame shi a Janairun 2014 a matsayin wanda ya ƙare, shekara guda bayan nan yana Minnesota cikin gololi uku mafi kyau a gasar. Justin Schultz, ɗan baya, an ba Pittsburgh shi a 2016 kan damar zaɓen matashi ɗaya a zagaye na uku, ya ɗaga kofi a shekarar, ya sake ɗagawa a 2017. A nan dole in faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: Schultz 'yan kallon gida ne suka riƙa yi masa ihu duk sanda ya taɓa ƙwallo, kuma ni ma bakina bai tsira ba. Garin nan yana cin 'yan bayansa. Amma wanda ya ɗora wa ɗan koyo kayan da ya fi ƙarfinsa, minti ashirin da wani abu kowane dare a gaban taurarin duniya, shi ya fara laifin.

Ka ce su wa ake zagi takamaimai. A wancan lokaci, tsofaffin 'yan wasan zamanin kofi ne ke riƙe da ofis, irin su Kevin Lowe da Craig MacTavish. An sauke MacTavish daga koci a 2009, a 2013 sai ga shi ya dawo janar manaja. Wato mutum ya faɗi a ƙasa, a ɗaga shi sama. A taron 'yan jarida na ranar, da aka matsa wa Lowe da tambaya, sai ya tunatar da jama'a yawan kofunan da ya ci, shida, kowanne da zoben da ake ba wanda ya ci, ya kuma raba magoya baya gida biyu, masu biyan kuɗin shiga da sauran. Ya nemi afuwa daga baya, amma har yau in ka ce wa ɗan Edmonton "zobba shida" zai gane inda ka dosa. A Disambar shekarar St. Louis ta zo har gida ta zura mana 6 da nema, wani ya cire rigarsa ya wurga cikin fili. Dattijon nan abokin aikina, wanda ban taɓa ganin ya yi shiru ba, ranar kashe rediyon ya yi.

Da aka samu McDavid a 2015 aka kawo Peter Chiarelli daga Boston, muka ce to an rabu da 'yan gida-gida. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ya ba da zaɓi na 16 da na 33 don karɓo Griffin Reinhart, wanda bai kai wasa talatin a rigarmu ba, su kuma New York Islanders suka ɗauki Mathew Barzal da na 16 ɗin, ya zama gwarzon sababbin shiga a 2018. A Yunin 2016 ya ba da Taylor Hall ya karɓi Adam Larsson, kai da kai, ba ciko. Larsson ɗan baya ne nagari, ba na raina shi, amma Hall ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya a 2018. Kwana biyu bayan wannan ciniki ya ba Milan Lucic dala miliyan 42 na shekara bakwai. Ya musanya Jordan Eberle da Ryan Strome, ya sake musanya Strome da Ryan Spooner, kamar mai canjin kuɗi da kullum ake cuta. An shiga zagayen kofi a 2017, sannan aka sake rasawa a 2018 da 2019, da McDavid da Draisaitl a fili. Nugent-Hopkins, bawan Allah mai haƙuri, daga 2011 zuwa zuwan Kris Knoblauch a 2023 ya yi aiki ƙarƙashin koci tara.

Yanzu ga amsar ainihin tambayarka, me ya sa har yau. A 2024 Florida ta ci mu uku a jere a wasan ƙarshe, muka rama uku, muka faɗi a na bakwai da ci 2 da 1. Cikin waɗanda suka tsaya da ƙafarsu a wannan tafiya akwai yara biyu da ƙungiyar ta zaɓa da kanta, Philip Broberg na 2019 da Dylan Holloway na 2020. An sha wahalar rainonsu shekara huɗu zuwa biyar, sun nuna, lokacin cin moriya ya yi. Kwantiraginsu ya ƙare, maimakon a fara zama da su, sai aka kashe abin da ya rage a ƙarƙashin iyakar albashi kan tsofaffin hannu, Jeff Skinner da Viktor Arvidsson. A watan Agusta St. Louis ta miƙa wa yaran biyu tayi a rana ɗaya. Doka ta ba Oilers kwana bakwai ta biya daidai da tayin ko ta sake su. Ta sake su, ta karɓi zaɓin zagaye na biyu da na uku. Holloway ya je ya ci ƙwallo 26 a kakarsa ta farko can. Mu kuma muka sake haɗuwa da Florida a 2025, ƙungiyarmu cike da masu shekaru, aka gama da mu a wasa shida. Da can ana tsinko su ɗanye, yanzu kuma a bari su nuna, maƙwabci ya tsinke.

Ba duka aka ɓata ba. Evan Bouchard an mayar da shi gasar matasa bayan wasa bakwai, ya yi cikakkiyar kaka a Bakersfield, ga shi yanzu da shi ake taƙama a baya. Wannan ma ƙara wa mutane haushi yake, don ya nuna an san hanyar. Kuma kowa a garin nan yana lissafin shekarun McDavid kamar mai ƙirga kwanakin azumi. An haife shi a 1997. Sun taɓa ganin an sayar da Gretzky a Agustan 1988, ba abin da za ka faɗa musu su yarda ba zai sake faruwa ba.

Shawarata, ranar Litinin kada ka ce musu ai ku gode wa Allah, za su ɗauke ka baƙo har abada. Ka bari a zauna shan kofi, ka ce kai dai har yanzu ba ka gane yadda aka bar Holloway ya tafi ba, sannan ka ja kujera. In kana son zuwa Rogers Place, filin wasan Oilers, ka gani da idonka, ka yi mini magana ta akwati, tikitin tsakiyar mako ya fi sauƙi. Rigar Yakupov tana nan a ajiye, in ba ka jin kunyar a tsokane ka sai in ara maka.