Yadda ɗan kasuwa zai yi hidimar sabuwar shekara a Legas ba tare da ya taɓa jarinsa ba

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan masarufi a Agege, cikin birnin Legas, ya aiko da tambaya. Ya ce duk ƙarshen shekara 'ya'yansa suna ganin ana fita da 'ya'yan maƙwabta yawon shaƙatawa, yaran shagonsa guda uku suna sa ran ihsani, manyan abokan cinikinsa kuma suna jiran ɗan abin da za a miƙa musu. Bara ya yi ƙoƙarin faranta wa kowa rai, amma da Janairu ta shigo sai ya kasa cika shagon da kaya har sai da ya ci bashi. Yana so ya san nawa ya kamata ya ware bana, da kuma yadda zai yi hidimar cikin rahusa ba tare da an ce ya yi rowa ba.

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Batun hukuncin bikin kansa fage ne na malamai, ni dai zan tsaya a kan kuɗin, domin ko mutum ya ɗauki 1 ga Janairu a matsayin biki ko bai ɗauka ba, rana ce ta hutu a Najeriya, makarantu suna rufe, yara suna gida, kuma aljihun maigida ne yake ɗaukar nauyin hakan.

Abin da ya same ka bara ya samo asali ne daga inda kuɗin suka fito, tun kafin a zo ga yawan abin da aka kashe. A watan Disamba kuɗi suna shigowa shagon kayan masarufi fiye da kowane wata, saboda ana sayen shinkafa da man girki da taliya da lemon kwalba babu ƙaƙƙautawa, sai mai shago ya ga aljihun tebur a cike ya ɗauka riba ce, alhali mafi yawan abin da yake gani uwar kuɗi ce da ta canza kama daga kaya zuwa takarda. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda hauhawar farashi take ɗana wa 'yan kasuwa. A ce ka saro katan ɗaya a kan naira 20,000, ka sayar a kan 23,000, littafinka zai nuna maka ribar 3,000. Idan ka koma wurin dila ka tarar katan ɗin ya koma 22,000, to ribarka ta gaskiya 1,000 ce kawai, sauran 2,000 ɗin na shago ne, domin da su za ka mayar da katan ɗin kan kanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, wannan giɓi ya karya shaguna da yawa, musamman a lokutan da farashi ya yi ta tsalle, kamar Disambar 2024 da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari.

Saboda haka, kafin ka ware ko sisi, ka zauna da babban yaronka wajen tsakiyar Disamba ku ƙidaya kayan shago, ku yi musu kuɗi a kan farashin sari na yau, ba na ranar da aka saro su ba. Daga ribar da ta fito ka cire kuɗin makarantar yara na zango na biyu, wanda yake zuwa a makonnin farko na Janairu, ka cire albashin yaran shago na watan, ka cire kason hayar shago. Masu gidaje a Legas na shekara suke karɓa, don haka idan hayarka naira miliyan 1 da dubu 200 ce, kowane wata yana ɗauke da dubu 100 ko da ba a zo karɓa ba. Abin da ya rage bayan wannan shi ne naka, kuma shawarata ita ce kada hidimar gaba ɗayanta, da ta gida da ta yara da ta abokan ciniki, ta wuce kashi ɗaya cikin uku nasa. Idan dubu 300 suka rage, dubu 100 ne kuɗin hidima. Ka fitar da su daga asusun shago ka ajiye su daban, idan sun ƙare hidima ta ƙare. Kashi biyun da suka rage su ne za su riƙe ka a Janairu, watan da masu albashi suka riga suka cinye kuɗinsu, ciniki yake ja baya, masu neman a ba su kaya bashi kuma suke ƙaruwa.

Kada ka ci bashi saboda wannan hidima, musamman daga manhajojin ba da rance na waya, waɗanda ruwan da suke ɗorawa a wata guda yakan fi ribar da kayan masarufi suke bayarwa. Maimakon haka ka bi naka bashin da ke hannun mutane kafin 20 ga wata, domin wanda bai biya ka ba a lokacin da kuɗi suke hannunsa, da wuya ya biya ka bayan ya kashe su a Kirsimeti.

Sai batun fita da iyali, wanda nake so in ɗan daɗe a kansa, domin nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Farashin Disamba a Victoria Island da Ikoyi da Lekki ba don mai shago a Agege aka yanka shi ba. An yanka shi ne don 'yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka da Kanada da suke dawowa gida hutu da fam da dala a aljihu, lokacin da ake kira Detty December, kuma duk wanda yake samun kuɗinsa da naira ya shiga wannan layi zai fito da rauni. A da akwai Bar Beach inda talaka yake zuwa ya kalli teku, amma aikin gina sabon birni na Eko Atlantic ya cinye wurin, kuma yawancin bakin tekun da ake zuwa yanzu suna hannun 'yan kasuwa. Za ka biya kuɗin shiga na kowane kai, ka biya na ajiye mota, ka biya na rumfa da kujera, wasu wuraren ma sai ka biya kafin a bar ka ka shiga da abincin da ka dafo daga gida. Ka haɗa da kuɗin motar haya ta manhaja irin su Uber da Bolt, waɗanda farashinsu yake tashi da kansa idan masu nema suka yi yawa, sannan ga cunkoson hanya da zai iya cinye rabin yinin. Mutum shida ko bakwai za su iya kashe duk abin da ka ware kafin yara su taɓa ruwa.

Abin da yara suke so shi ne su fita daga unguwa, su ga abin da ba su saba gani ba, su dawo da labarin da za su ba abokansu, kuma wannan yana samuwa kusa da kai. A Alausa da ke Ikeja akwai lambunan shaƙatawa na gwamnatin jiha, wato Ndubuisi Kanu Park da Johnson Jakande Tinubu Park, masu fili da ciyawa da wurin wasan yara, kuma daga Agege tafiya ce gajeriya. Jirgin ƙasa na cikin gari shi kansa abin kallo ne ga yaron da bai taɓa hawa ba. Layin jirgin da ake kira jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, shuɗin layi kuma yana zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 tun Satumban 2023, yana bi ta saman gada inda ake hango ruwa da jiragen ruwa. Da katin Cowry ake biya, irin wanda ake hawa motocin BRT da shi. Ka leƙa tashar Agege tun kafin ranar ka tambayi jadawalin lokacin hutu, kada ku yi shiri ku tarar babu jirgi. Haka kuma gwamnatin Legas ta saba shirya wasannin ƙarshen shekara da ake shiga kyauta, tun daga 2015 da aka faɗaɗa su zuwa yankuna biyar har da filin wasa na Agege, sai dai taro ne na dare mai turmutsutsu da 'yan sane, wanda ya fi dacewa da samari fiye da mata da ƙananan yara.

Ka kuma lura da ranar da za ku fita. Daga 24 zuwa 31 ga Disamba kwanakin ciniki ne, balle ma da yake 'yan kasuwa da yawa daga kudu maso gabas suna rufe shaguna su tafi garuruwansu, abokan cinikinsu kuma su dawo wurin wanda ya bar ƙofarsa a buɗe. Rufe shago a waɗannan kwanaki asara ce da ba ta fitowa a lissafin hidima, amma tana nan. Ka ɗage fitar zuwa 2 ko 3 ga Janairu, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, hanya ta sake, wuraren shaƙatawa suka rage cika, yara kuma ba su koma makaranta ba tukuna.

Abinci kuwa a dafa shi a gida. Uwargida ta yi dafa-duka ko shinkafa da miya, a soya nama, a haɗa zoɓo da kunun aya a sa a kula da ƙanƙara, abin da zai ciyar da gida duka a kan kuɗin da mutum biyu za su kashe a gidan abinci. Nama shi ne mai tsada, kuma maganinsa tsohuwar dabararmu ce ta watanda. Ku haɗu ku takwas ko goma daga cikin 'yan layinku, ku sayi sa guda a mayankar Oko-Oba da ke nan Agege, a yanka a kasa shi kashi-kashi daidai da kuɗin kowa, har da kayan ciki da kai da ƙafa, sai ka ga abin da ya zo hannunka ya fi wanda za ka saya a kan teburin mahauci. Kaji da kayan miya suna tashi a makon Kirsimeti, saboda haka duk abin da ba ya lalacewa a saye shi da wuri, tumatir da tattasai kuma a haɗa kai da maƙwabta a ɗauko kwando guda daga kasuwar Mile 12 a raba. Ka tanadi tsabar kuɗi tun farkon wata, domin an sha ganin ƙarancinsu a ƙarshen shekara, kamar yadda aka yi a Disambar 2023, inda masu POS suka ƙara ladan cire kuɗi.

Game da yaran shago, ina roƙonka kada ka rage musu don ka ƙara wa baƙi. Su ne suka yi ta sauke buhuna da katan-katan a watan da ya fi kowane wata wahala, kuma yawancinsu suna da iyaye a gida Arewa da suke jiran aike. Ka ba su kuɗi a hannu, ko da rabin albashin wata ne, ka ba kowa hutun kwana ɗaya ko biyu bi da bi a makon farko na Janairu, sannan ka kira su cin abinci tare da iyalinka. Wannan ya fi musu amfani nesa ba kusa ba a kan a kwashe su zuwa wani wuri a kashe kuɗin a kan tikiti.

Abokan ciniki ba sa buƙatar kwandon kyauta mai ado ko kalanda mai hotonka. Ka zaɓi 'yan kaɗan da suka fi saye kuma suke biya a kan lokaci, irin masu gidajen abinci da masu shayi da suke ɗaukar kaya kowane mako, ka yi musu gyara mai kauri a sayayyarsu ta ƙarshen shekara, ko ledar sukari ko 'yan gwangwanayen madara. Kana iya amfani da kayan da suka daɗe a kanta matuƙar wa'adinsu bai kusa ƙarewa ba, amma ka rubuta duk abin da ya fita a littafi a kan farashin sari, ka biya shago daga kuɗin hidima, in ba haka ba kyautar za ta koma cin jari ta bayan gida. Haka ma abin da aka ɗauka daga shago zuwa kicin ɗin gidanka.

Akwai abu guda da nake so ka hana gaba ɗaya, wato sayen nokawut da sauran kayan wasan wuta, ko ajiye su a shago don a sayar. 'Yan sanda suna nanata haramcinsu kusan kowace shekara, kuma 'yan kasuwar Legas ba su manta da gobarar 26 ga Disamban 2012 a Jankara da ke tsibirin Legas ba, wadda ta tashi daga rumbun ajiyar irin waɗannan kaya ta laƙume gine-gine da dukiyar mutane. Shagon da yake cike da man girki da katan da leda ba wurin ajiye su ba ne.

Idan an gama komai, ka rubuta jimillar abin da aka kashe, ka raba ta gida goma sha ɗaya, ka fara ajiye kashi ɗaya kowane wata daga Fabrairu, ko ta hanyar adashi da amintattun 'yan kasuwa inda za ka nemi kwasar Disamba, ko a wani asusu da ba ka riƙe katinsa a aljihu. Hidimar dubu 110 za ta koma dubu 10 a wata, kuma irin wannan tsari za ka iya yi wa ƙaramar Sallah da ragon layya, waɗanda suka fi wannan hidima nauyi a gidanka.