Koyar da tsaron intanet da tsofaffin kwamfutoci da rezo marar ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata lise mai zaman kanta a nan Maradi, ina koyar da ilimin kwamfuta. Darakta ya ce in ƙara darasin tsaron intanet, saboda kusan duk yaranmu suna riƙe da salula, har an ƙwace wa wasunsu WhatsApp. Abin da muke da shi tsofaffin kwamfutoci ne goma sha biyu, rezo ba ƙarfi, wuta kuma sai ta ga dama. Yaran sun matsa mini in koya musu kutse. Da me zan fara, kuma ba zan jawo wa kaina magana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Kayan da ka lissafa sun isa, sai dai ba da kwamfutocin za ka fara ba. Ka fara da salular da ke aljihun yaran, bayan ka nemi izinin darakta su shigo da ita aji ranar darasin, domin ta nan ne ɓarnar take shigo musu.

Ɗauki maganar WhatsApp ɗin da ka kawo. Yawancin waɗanda aka ƙwace wa, ba wata fasaha mai zurfi aka yi musu ba. Ɗan damfara yana saka lambarka ne a tasa wayar, sai WhatsApp ya aiko maka da saƙo mai lambobi shida don tabbatar da cewa kai ne. Daga nan sai ya kira ka, ya ce shi ne mai kula da gurup ɗin makaranta ko na 'yan kasuwa, za a yi taro, ka karanto masa lambar da ta shigo. Kana karantowa, shi ke nan, asusun ya koma hannunsa, ya shiga rancen kuɗi da sunanka wurin 'yan uwa. Wannan darasin ba ya buƙatar rezo mai ƙarfi. Ka fito da yara biyu gaban aji, ɗaya ya zama mai kira, ɗaya wanda aka kira, su yi da Hausa kamar yadda ake yi a zahiri, sauran su faɗi wurin da ya kamata a kashe waya. Sannan kowa ya buɗe saitin WhatsApp ɗinsa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ya zaɓi wata lambar sirri ta kansa mai lambobi shida, ya kuma leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunsa ya fitar da wadda bai sani ba. Yaro ya fita aji da asusun da ya fi wanda ya shigo da shi ƙarfi, kuma da yamma zai yi wa mahaifiyarsa.

Ka sa su riƙa tara maka saƙonnin damfara da ke shigo wa gidajensu: na "ka ci kyauta", na "na turo maka kuɗi bisa kuskure, mayar mini", na ɗaukar aiki a wata ƙungiyar agaji sai ka biya kuɗin dosiye. Su ɗauki hoton saƙon, su rufe lambobin waya da sunaye kafin su kawo. A gari irin Maradi, inda kuɗin ciniki ke yawo ta waya tsakanin babbar kasuwa da Dan Issa da Jibiya har Katsina, wannan tarin ya fi kowane littafin da aka rubuta a Faransa amfani ga ɗalibinka. A kowane saƙo tambaya uku ce: wa ya aiko, me yake so in yi, me ya sa yake gaggauta ni.

Kalmar sirri kuwa lissafi ne, allo da alli sun wadatar. Lambobi huɗu suna ba da haɗi 10,000 ne kacal, shida suna ba da miliyan ɗaya, ƙananan haruffa takwas kuma sama da biliyan 200. Ka tambayi ajin su nawa ne suka sa shekarar haihuwarsu, kada kowa ya faɗi tasa, ɗaga hannu kawai. Dariyar da za a yi ita ce darasin.

To, yanzu kwamfutocin. Ra'ayina shi ne kada ma ka haɗa su da intanet. Mai koyon tuƙa kabu-kabu a fili yake fara faɗuwa, ba kan kwalta ba, kuma amfanin ɗakin naka ke nan: wurin da yaro zai fasa abu ba tare da an cuci kowa ba. Ka samo tsohuwar na'urar raba rezo, ka haɗa kwamfutocin da ita ba tare da layin waje ba. A kan wadda ta fi ƙarfi ka girka DVWA ko OWASP Juice Shop. Shafuka ne da aka gina da ramuka, wato raunin tsaro, da gangan don koyo, kuma kyauta ne. A kan sauran ka sa Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke shiga da fita ta layin kwamfuta. Aikin farko shi ne yaro ya kunna Wireshark, ya shiga shafin gwajin da suna da kalmar sirri, ya dawo ya nemo abin da ya rubuta. Zai gan shi ɓaro-ɓaro, domin shafin http ne, ba a ɓoye komai ba. Daga ranar ba sai ka sake yin dogon bayani kan bambancin http da https ba, ko dalilin da ya sa ake taka-tsantsan da wifi na kyauta.

Idan akwai kwamfuta mai RAM giga 8, ka sa mata VirtualBox, manhajar da ke buɗe wata kwamfuta a cikin kwamfuta, ka buɗe Kali Linux (tsarin Linux mai ɗauke da kayan gwajin kutse) da Metasploitable (tsarin da aka bar wa ramuka da gangan don a gwada a kansa) a ciki, ka saita su yadda junansu kawai za su gani. Daɗin wannan shi ne kana iya adana hoton na'urar, wato kwafin yanayin da take ciki, kafin darasi, in yara sun wargaza ta ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ka mayar da ita yadda take cikin minti kaɗan. Mai giga 4 za ta yi ta nishi, gara ka tayar da Kali kai tsaye daga kile USB. Duk waɗannan sau ɗaya ake sauke su, inda rezo ya fi kyau, sannan a kwafa. Af, kile ɗin ma abin koyarwa ne. Kile ɗin da ya zaga shagunan fotokofi ya dawo duk fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi, kada ka goge shi a ɓoye, ka buɗe shi a kan Linux gaban aji su ga inda ƙwayar cutar kwamfutar ta laɓe.

Dalili na biyu na raba kwamfutocin da intanet shi ne tsufansu. Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Ka ba yaran labarin WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta wadda a Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, alhali gyaran ramin da ta bi ya fito tun Maris, mutane ne ba su saka ba.

Yaran da suka nuna ƙwazo, su ne za ka kashe wa ɗan kiredin da ake da shi. Akwai Root-Me, shafin atisayen tsaron intanet, wanda da Faransanci yake, ya dace da mu. Akwai picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, an yi shi ne don 'yan sakandare, sai dai da Ingilishi. Cisco Networking Academy ma tana da darasin gabatarwa kyauta. Ka kuma ƙwanƙwasa ƙofar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ɗalibi ɗaya mai son harkar da zai zo muku ranar Asabar zai rage maka nauyi sosai.

Batun jawo magana kuwa, tsoronka yana kan hanya. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019, kuma shiga na'ura ko asusun wani ba da izininsa ba laifi ne a ƙarƙashinta, ko da wasa aka ce ana yi. Don haka kafin kowa ya taɓa Kali, darakta ya ba ka izini a rubuce, kowane yaro da mahaifinsa su sa hannu a takardar da ta ce gwaji a ɗakin nan kaɗai ake yi, a kan na'urorin da ka nuna. Wifi na maƙwabta, Facebook na aboki da kwamfutar ofishin makaranta duk ba sa ciki. Kile ɗin Kali kuma a wurinka zai riƙa kwana. Wajen ba da maki, kada ka tsaya ga wanda ya fasa shafin. Ka ba da rabi ga fasawa, rabi ga rubuta yadda za a toshe ramin, da Faransanci a takarda, sannan ya tashi ya maimaita wa aji da Hausa.