Shirin gida kafin sanyin hunturu ya kankama

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Toro, ga jariri ga tsohuwa a gidan, kina tambayar me za ki tanada kafin sanyi ya shigo. Allah ya sa alheri a zaman. Sanyin Toro ya fi na cikin garin Bauchi nesa ba kusa ba, don kin hau gefen tsaunukan Jos. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, ruwan randa da asuba hannu ba ya iya daɗewa a ciki.

Ki fara da iska. Daga arewa maso gabas take busowa da ƙurarta, saboda haka tagogin wannan ɓangaren za ki fi ba wa muhimmanci. Da dare ki bi gefen taga da ƙasan ƙofa da tafin hannu, duk inda kika ji sanyi na tsirgowa ki cusa tsumma, ki rataya labule mai kauri. Idan rufin kwano ne babu silin, a sa ko a ɗaki ɗaya, wanda Mama da jariri za su riƙa kwana. Kada katifa ta zauna kan siminti tsirara, a shimfiɗa kwali da tabarma tukuna. Bargo, safa, hular sanyi da man kaɗanya ki saya tun yanzu, kafin su yi tsada.

Inda nake roƙonki da babbar murya shi ne kasko. Don Allah kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi na fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Maƙwabciyata ta taɓa shigar da kasko saboda jego, ta toshe ko'ina. Da asuba aka fito da ita jiri na ɗibarta, kai kamar zai tsage, tana ta amai. Allah ne ya yi da sauran kwana. Ni abin da nake yi, wutar ta ruru a tsakar gida, a shigar da ita a ɗan ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar kafin kowa ya kwanta. Janareta ma waje, nesa da taga.

Sai gobara, don a wannan lokacin komai ya bushe ƙayau. Hitar dafa ruwa ita ce babbar matsala: an ɗauke wuta, an manta ta a bokiti, cikin dare a dawo da ita. A riƙa zare ta daga soket da zarar an gama.

Jariri kuwa wanka sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi. In kika ga numfashinsa na sauri, haƙarƙari na lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.